Shekarar da Fensir Ta Ajiye Zane

A gida Auta ake ce mata, don ita ce ta ƙarshe a cikin su biyar. Sunan Fensir kuwa a jami'a ta samo shi. Siririya ce doguwa a lokacin, kuma kullum da fensir soke a gefen ɗankwalinta, sai wani ɗan ajinsu ya ce shi ya kasa gane wanda ke ɗauke da wani tsakanin ita da fensirin. Aka kwashe da dariya, suna ya bi ta. Yau ta haura arba'in, ta yi jiki, amma har 'yan kwangila masu furfura da shi suke kiranta idan ta ba da baya.

Mahaifinta kafinta ne. Ƙofa da taga kawai yake yi, ba ya taɓa kujera ko gado, ya ce wannan aikin masu son hira da mutane ne. Shagonsa manne yake da gidan, don haka ƙarar zarto ce ke tashin su da safe, garin katako kuma har cikin takalman makarantarsu. Yayyenta maza babu wanda ya tsaya a sana'ar. Babban cikinsu ya kama sayar da tayil da kayan banɗaki, Allah ya buɗa masa, ya yi katafaren shago a bakin babban titi. Shi ne wanda kowa a gidan yake kira Yaya, har matarsa.

Ranar da ta ce zanen gine-gine za ta karanta, Baba ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ta.

"Su ne masu aiko mana takarda, mu yi taga, mu je mu tarar ramin da aka bar mata bai kai ba?"

"Su ne, Baba."

"To je ki. Ko a samu mutum ɗaya a cikinsu da ya iya awo."

Ta yi shekarunta a wani dogon ɗakin zane mai warin gam, inda ɗalibai ke yanka kwali da reza suna haɗa ƙananan gidaje, kowa yatsunsa da filasta. Ba ita ce ta ɗaya a aji ba. Malamai suna cewa zanenta ba shi da ƙwalisa, ba ya sa mutum ya tsaya ya buɗe baki. Amma idan aka zo kan matakala da taga da hanyar da iska za ta bi, nan babu mai ja da ita. Wani malami ya taɓa ɗaga takardarta a gaban aji ya ce, "Wannan ba ta da kyau, amma ita kaɗai ce za a iya ginawa ba a kashe kowa ba."

Bayan ta gama ta sami aiki a ofishin wani tsohon mai zanen gini da ma'aikatansa ke kira Dattijo. Ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani, ana hawa ta wata matakala a bayan ginin, wadda kowace safiya sai Dattijo ya tsine wa wanda ya zana ta. Fanka ɗaya ce a silin. In an kunna ta, takardu su tashi, in an kashe ta, mutane su jiƙe da gumi, saboda haka kowane tebur akwai gutsuren bulo biyu ko uku na danne takarda. Bangon cike yake da zanen manyan gine-gine: ɗakin karatu, tashar mota mai doguwar rumfa, makarantar kurame. Sai da Fensir ta yi wata uku kafin ta gane babu ko ɗaya a cikinsu da aka gina. Abin da ke ciyar da ofishin shi ne gidaje masu ɗaki uku da jerin shaguna, irin wanda mai shi zai zo da hoton gidan maƙwabcinsa a waya ya ce a yi masa irinsa, amma nasa ya fi tsayi.

A shekararta ta biyu wani kamfani mai asibitocin kuɗi ya ba su aikin ƙaramin asibitin haihuwa. Dattijo ya miƙa mata. Wata biyu ta yi a kansa. Ta zaga asibitoci uku, ta zauna a benci tana kallon inda dangin masu haihuwa ke tsayawa, inda suke shanya, inda suke rasa wurin zama su zube a ƙasa. Sai ta bar fili a tsakiyar ginin, ɗakuna suka kewaye shi, kowane ɗaki da taga biyu suna kallon juna.

Ranar nuna aikin suka tafi ofishin kamfanin ita da Dattijo. Wanda ya karɓe su matashi ne, bai girme ta da shekara uku ba, manajan tsare-tsare aka ce. Ya yi musu fara'a, ya sa aka kawo ruwa, ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya zaro jan biro daga aljihu.

"Nan fa mene ne?"

"Fili ne," in ji ta. "Na shan iska, da na masu jira."

"In aka rufe shi gado nawa zai ci?"

Ta san tsawonsa da faɗinsa ba tare da ta duba ba, amma ba ta taɓa auna shi da gado ba.

"Goma sha biyu," ya ba kansa amsa. "To ki taimake ni. Gobe zan tsaya a gaban masu kamfani. Me zan ce musu filin nan zai ba su wanda ya kai gado goma sha biyu?"

Ta yi masa bayanin iska, da haske, da matan da ta gani zube a ƙasa. Ya saurara har ta gama, yana gyaɗa kai. Ya tambaye ta ko ta san wutar da tagoginta za su rage wa asibitin sha a shekara. Ba ta sani ba. Ya tambaya ko akwai wata shaida cewa mata sun fi zaɓar asibitin da danginsu ke samun wurin zama. Ta ce tana jin haka ne. Ya ce shi ma yana jin haka, amma ji ba ya shiga takarda. Ya ja layi biyu a kan filin, ya soke shi. Duka-duka minti goma aka yi.

A mota Dattijo ya ce, "Kin ga yadda ake yi. Ki saba."

"Yallaɓai, me ya karanta ne?"

"Wa? Yaron nan? Kasuwanci. A waje aka koya masa."

Abin da ya tsaya mata a rai ba filin ba ne. Ta tabbata ita ce da gaskiya, kuma ta ga alamar mutumin ba mugu ba ne, da ta ba shi abin riƙewa da ya riƙe. Ita ce ba ta da shi.

Dama tana da niyyar fita waje digiri na biyu, kamar kusan kowa a ajinsu. Ta riga ta haɗa kundin ayyukanta don makarantun zane. Sai ta ƙara da wani abu ba tare da ta gaya wa kowa ba: ta sayi littattafai ta zauna jarrabawar da makarantun kasuwanci ke nema. Karo na farko ta faɗi ƙasa warwas. Karo na biyu ta tsallake da ƙyar. Ko'ina kuma ana son wasiƙar shaida daga shugabanta na wurin aiki, dole ta je wa Dattijo da maganar.

"Wasiƙa biyu?" Ya zare gilashinsa. "Ɗaya ta zane, na ji. Ɗayar fa?"

Ta faɗa masa.

"Wato shekara biyu ina koya miki yadda ake riƙe fensir, ashe jan biro kike sha'awa."

"Ba haka ba ne, Yallaɓai. So nake in san abin da zan ce idan an tambaye ni."

"Ɗaya zan rubuta," ya ce, ya mayar da gilashinsa.

Bayan mako guda ta iso da safe ta tarar da ambulan biyu a ƙarƙashin gutsuren bulonta. Ta zanen shafi biyu ce cif. Ta kasuwancin layi uku ce: ya san ta, ba ta makara, ba ta ƙarya a kan awo.

Duka makarantun biyu suka ɗauke ta. Makarantar zanen shekara biyu ce a wata ƙasa, ta kasuwancin shekara ɗaya a wata ƙasar daban. Kowacce ta ba ta tallafi, kowacce kuma ta bar giɓi, wanda Yaya ya ce shi zai cike. Wannan ya sa ya sami bakin magana. Ranar wata Asabar bayan cin abincin rana aka zauna a falo.

"Ni ban ga abin shawara a nan ba," in ji Yaya. "Masu zanen nan kullum suna shagona, suna roƙo in haɗa su da masu gini. Wani da digiri biyu, takalminsa duk ya cinye. Ki je ki karanto abin da za a riƙa neman ki, ba ki riƙa nema ba."

"Yaya, ai ba duka ne haka ba."

"Mai gidan naki na ofis fa? Motarsa ba sai an tura take tashi ba?"

Umma ba ta shiga wannan ba. Tambaya ɗaya ta yi: wanne ne za ta fi saurin dawowa? Da aka ce mata na kasuwancin, ta ce to ita ta gama zaɓe. Baba kuwa ya tashi ya koma shagonsa, aka watse.

Fensir ta nemi mutum biyu da suka riga ta fita, ta kira su a waya. Na farko ya gabace ta da aji uku, ya yi digirin zane a waje, ya zauna can. Ya ce mata karatun akwai daɗi, za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, amma ta sani rabin abin da za a koya mata na ƙasar sanyi ne, yadda ake tsare ɗumi a ɗaki, ba yadda ake korar sa ba. Shi yanzu shekararsa huɗu a wani babban ofis yana zana banɗakunan dogayen benaye. Ya ce bai damu ba, banɗakunan suna da kyau. Ta biyu ƙawar yayarta ce, ita ma mai zane ce da can, ta yi digirin kasuwanci, yanzu tana banki. Ta ce, "Abu ɗaya zan gaya miki. Kada ki yaudari kanki da cewa za ki riƙe biyun. Duk mun faɗi haka. Ni rabona da zana ko da kejin kaji ne shekara bakwai."

Ana saura kwana uku wa'adin ba makarantun amsa ya cika ta shiga shagon Baba da safe. Yana goge wata ƙofa. Ta zauna a kan tarin katako ta zayyana masa komai, har abin da mutanen nan biyu suka ce.

"In kin yi na zanen," ya ce, bai daina gugar ba, "me za ki iya wanda ba ki iya ba yanzu?"

Ta lissafa masa: manyan gine-gine, sababbin kayan aiki, ido ya ƙara buɗewa.

"In kin yi ɗayan fa?"

"Zan zauna a inda ake yanke magana."

Ya hure garin katakon, ya shafa ƙofar da tafin hannu.

"Ni ban san wanda ya fi ba, Auta. Ban yi boko ba. Amma kin tuna shekarar da na kwanta ciwon baya, wata huɗu ban taɓa aiki ba? Ƙofar farko da na yi bayan na tashi, ban bari mai ita ya gani ba, itacen girki aka yi da ita. Wata huɗu ke nan. In kika ajiye hannunki, ba za ki dawo ki same shi yadda kika bar shi ba. In kin yarda da wannan, je ki duk inda kika ga dama."

Ranar ƙarshe, da tsakar rana, tana zaune a teburinta na ofis ta aika wa makarantar kasuwancin amsar cewa ta karɓa. Ta aika wa ɗayar godiya. Sannan ta tashi ta ƙwanƙwasa wa Dattijo ta gaya masa. Bai ɗago ba. Ya ce ta tabbata ta gama zanen shagunan nan takwas kafin ta tafi.

Ƙasar da ta je akwai sanyi, ɗakinta kuma taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, ta auna ranar da ta iso. Su saba'in ne a aji, daga banki, daga kamfanonin mai, daga ofisoshin gwamnati, ita kaɗai ce mai zanen gini. Duk wanda ta gaya wa sai ya ce, "Kai, abin sha'awa," ya juya ga na kusa da shi. Zangon farko ta sha wuya. A makarantar zane an saba mutum ya yi shiru aikinsa ya yi magana. Nan kuwa wanda bai ɗaga hannu ba kamar bai zo ba, har maki ake ba wa magana. Ta ga mutane suna tashi su yi bayani da ƙarfin gwiwa a kan abin da suka fara ji jiya. Da farko abin ya ba ta haushi, daga baya ta koya.

A zango na biyu aka raba su rukuni-rukuni, aka ba nasu aikin tsara yadda wani kamfani zai gina masaukin ɗalibai a wani fili. Abokan aikinta huɗu suka yi kwana biyar suna gina lissafinsu a kan ɗaki ɗari da ashirin. Ita aka ba ta gyaran rubutu. Da ta ga girman filin, sai ta juya bayan takarda ta ja layuka, ta cire matakala biyu, ta cire hanyar wucewa, ta cire hanyar gudu in gobara ta tashi, ta cire tazarar da doka ta ce a bari daga titi.

"Ɗaki tamanin da huɗu ne zai shiga," ta ce musu.

"Takardar malami ta ce ɗari da ashirin," in ji shugaban rukunin.

"To sai dai in ɗaliban ta taga za su riƙa shiga."

Suka yi musu, suka yi fushi, don sai an rushe aikin kwana biyar. Daga ƙarshe suka bi ta ba da son ransu ba. Ranar gabatarwa duk sauran rukunonin suka zo da ɗari da ashirin. Baƙon da malamin ya gayyato, wani mai kamfanin gine-gine, ya ga tamanin da huɗun rukuninsu, ya tambaya wa ya gano wannan. Ta wannan hanyar ta sami aiki a kamfaninsa bayan ta gama, ta yi shekara biyu tana duba filaye kafin a saya.

Jami'ar tana da sashen zane, a can ƙarshen harabar. Takan bi ta gabansa in za ta tashar jirgin ƙasa, ta hango ƙananan gidajen kwali jere a taga. Sau ɗaya kawai ta shiga, ranar da ɗaliban ƙarshe suka baje ayyukansu. Ta zaga a hankali, hannuwanta a aljihun riga. Ta ga abubuwan da ba za ta taɓa iya tunaninsu ba, ta kuma ga matakala uku da ba za su hawu ba. Ta fito ta sayi shayi ta sha a tsaye, ba ta sake komawa ba.

Ciwon Baba ne ya dawo da ita gida. Ɓarin jikinsa ya shanye, aka rufe shagon. Ya ƙara shekara biyu a duniya, yawanci a kan kujera a ƙofar gida, yana kallon ƙofofin maƙwabta yana faɗin wadda aka rataya a karkace. A tsakanin nan ta kama aiki da wani kamfanin gina rukunin gidaje, ta auri wani likitan haƙori mai son barkwanci, wanda ya ce sana'arsu ɗaya, kowa cike rami yake yi. Yaya ya yi ta yawo da katin aikinta a aljihu yana nuna wa abokan cinikinsa.

A shekararta ta huɗu a kamfanin aka tashi gina gidaje sittin da huɗu na ma'aikata, ita ce a kan aikin. Aka ce a gayyato ofisoshin zane uku su gwada. Ta sa sunan Dattijo a ciki, nasa kuma ya fi na sauran nesa ba kusa ba, kowa ya yarda. Ya zo da takardunsa a naɗe a hammata, ya tsufa ƙwarai, ya tsaya a ƙofar ofishinta.

"Ranki ya daɗe, a shigo?"

"Haba Yallaɓai. Don Allah ka daina."

Zanen yana da baranda mai faɗi a gaban kowane gida, da tagogi masu kallon juna, da rufi mai tsayi, da wata doguwar hasumiyar tankin ruwa a bakin ƙofar shiga wadda za a hango daga nesa. Masu kamfani suka ce a cire barandar, a cire hasumiyar, a rage tsayin rufin. Fensir ta roƙi mako uku. Ta tura ma'aikata tsofaffin rukunonin kamfanin, suka tattaro mata bayanin gidajen da masu haya suka fi daɗewa a ciki, da waɗanda suka fi shan wuta, da waɗanda mutane suka kafa wa rumfar kwano da kansu suka ɓata fuskar gini. Ta tsaya a gaban masu kamfani awa ɗaya da rabi. Ta samu aka bar barandar da tagogin. Hasumiyar kuwa ita da kanta ta ba da ita, ta kuma yarda a rage rufin da taku ɗaya, don ta san ba za a ba ta duka ba.

Da ta gaya wa Dattijo, ya dubi takardar.

"Da baƙo ne ya yi min wannan sai in ce bai sani ba. Ke kin san abin da taku ɗaya yake yi wa ɗaki."

"Na sani, Yallaɓai. Ko rufin ko barandar, dole ɗaya ta tafi."

"Wa ya ce dole?"

"Ni na ce. Na zauna da su, na san inda za su tsaya."

Ya naɗe takardunsa, ya ce zai aiko da gyaran. Ya aiko, daidai, a kan lokaci. Amma daga ranar ba ya ɗaukar wayarta, sai dai ma'aikacinsa ya amsa. Aka gina gidajen. Shi ne babban aikinsa na farko da ya tashi daga takarda cikin shekara ashirin, bai kuma zo ranar buɗewa ba. Bayan wata biyar mai gadin rukunin ya gaya mata akwai wani tsoho mai gilashi da yake zuwa wasu ranakun da yamma, ya zaga, ya taɓa bango, ya tambayi mutane ko ɗakunansu suna zafi. Ta tambayi mai gadin me mutanen suke ce masa. Ya ce wasu su ce a'a, wasu su ce kaɗan. Dattijo ya rasu bayan shekara uku. Ta je gaisuwa, matarsa ta gane ta, ta ce yana yawan ambatonta. Ba ta faɗi da me yake ambaton nata ba, Fensir kuma ba ta tambaya ba.

Da suka sayi fili ita da mijinta, ta ce ita za ta zana gidansu. Asabar uku ta zauna a teburin cin abinci. Awon bai kuɓuce mata ba, ta san inda kowane abu ya kamata ya zauna, amma duk abin da ta ja sai ya fito kamar gidajen kamfani, kuma kafin ta gama ɗaki ta fara tunanin me za a cire. Manhajar da ta saba da ita ma an canza mata fuska, har ta rasa inda ake jan bango. A Asabar ta huɗu ta kira wasu matasa biyu da suka buɗe ofis, ta ba su aikin. Mijin ya ce ba komai, shi ma ba shi yake cire wa kansa haƙori ba.

Yanzu ita ce shugabar sashen ayyuka. Ɗaliban zane da ke shirin fita waje sukan nemo ta, don labarinta ya zaga a tsohon sashensu, kowa da yadda yake ba da shi. Kwanan baya wata ta zo, 'yar shekarar ƙarshe, da takarda ta raba gida biyu ta jera amfanin kowane karatu da illarsa. Fensir ta karɓa ta duba, ta mayar mata.

"Kin taɓa aiki a ofis?"

"Wata shida, Anti, lokacin koyon aiki."

"Je ki yi shekara biyu tukuna. Ki bari a yi watsi da aikinki sau biyu ko uku. Sannan ki lura da abin da ya fi ci miki rai, ko zanen ne bai kai ba, ko ke ce kika rasa abin faɗa. Wannan takardar ba za ta gaya miki ba."

Yarinyar ba ta gamsu ba, da alama amsa ɗaya ta zo nema. Sai ta ce, "Anti, ke kin yi nadama?"

"Wasu ranakun," in ji Fensir. "Ba su da yawa. Aikin ma ba ya barin mutum ya zauna ya yi ta da kyau."

Wayarta ta yi ƙara. Daga wurin wani gini ne a bayan gari: ɗan kwangila ya zuba kankaren bene na farko tun da sassafe, bai jira an zo an duba rodin ba. Ta sallami yarinyar, ta sauya takalmi, ta ɗauki hular kwano. A can ta tarar da shi yana jiranta da murmushi da rantsuwa, ya ce shekara talatin yana wannan aiki, rodin ya cika har ya yi yawa. Ta ce ta ji, a kawo hotunan da aka ɗauka kafin a zuba. Babu hoto. Ta kira injiniyan kamfani, suka sa aka sassaƙe kusurwa ɗaya, suka ƙirga abin da ya bayyana, bai kai ba. Ɗan kwangilar ya bi ta har mota yana ba da haƙuri, yana cewa a duba girmansa. Washegari aka fasa kankaren gaba ɗaya.